Fankar iska a saman kwano: Kafin ka danna layik, tambayi wat nawa take bayarwa

Idan ana neman wurin da karin maganar nan ta "ga ƙoshi ga kwanan yunwa" ta fi dacewa da shi, to a zo Kumbotso. A nan babbar tashar wuta ta TCN take, inda layin kilobolt 330 da ya taso daga Kaduna ke sauke kayansa kafin a raba wa Kano da maƙwabtanta. A nan kuma, cikin rukunin masana'antu na Challawa, tashar sola mai megawat 10 take, wadda hukumar NSIA ta gina, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Janairun 2023. Manyan wayoyi na ratsawa ta saman gidaje dare da rana. Amma matashin Panshekara ko Sheka ko Mariri har gobe yana kai wayarsa shagon caji, tela na zaune yana jiran a kawo wuta, mai walda kuma na lissafin litar man da zai ƙona kafin ya haɗa ƙyaure ɗaya.

Abubuwa uku suka ƙara dagula lamarin a 'yan shekarun nan. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a 2024. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A daga wajen naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, kafin daga baya a ɗan sassauta. Sai kuma Oktoban 2024, lokacin da lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da ta biyo baya a layin da ke ɗauko wuta daga Kudu suka jefa mafi yawan Arewa cikin duhu fiye da mako guda. Kowa ya tuna yadda ƙanƙara ta zama zinare, cajin waya ya zama sai mai hali.

Don haka ba abin mamaki ba ne da shafukanmu na TikTok da Facebook da YouTube suka cika da bidiyon matasa suna harhaɗa nasu. Wannan ya ɗaure farfela a kan turke, wancan ya fasa tsofaffin batiran kwamfuta ya haɗa abin caji, wani kuma ya ce ya ƙera janareta da ba ya shan mai. Matsayin wannan shafi a fili yake. Muna tare da duk matashi, namiji ko mace, da ya ƙi naɗe hannu. Amma goyon baya na gaskiya ya haɗa da faɗar gaskiya, kuma gaskiyar ita ce yawancin abin da muke turawa juna ba ya aiki yadda ake nunawa, wasu yaudara ce tsagwaronta, wasu kuma za su iya ƙona gida ko su kashe mutum. Lokaci ya yi da za mu daina auna fasaha da yawan layik, mu koma auna ta da wat.

Janareta marar mai: ramin ƙarya ƙurarre ne

Mu fara da wanda ya fi cin kuɗin mutane. Ka ga bidiyon: an haɗa moto da altaneta da bel, an jona batir, an kunna, ƙwai ya kama. Mai bayani ya ce moton na juya altaneta, altaneta na cajin batir, batir na juya moto, haka har abada, ba mai ba rana ba iska. A ƙasan bidiyon kuma ga lambar da za ka tura kuɗin koyo ko na oda.

Ɗan'uwa, wannan ba ya yiwuwa, kuma ba wai don Bature bai gano ba ne ko don masu sayar da mai sun ɓoye sirrin. Ƙa'ida ce da duk ɗalibin kimiyya na sakandare ya karanta: makamashi ba a ƙirƙirarsa daga babu, sauya masa kama kawai ake yi, kuma a kowane sauyi sai wani kaso ya zube ya zama zafi. Taɓa jikin moton bayan minti goma, ɗumin da ka ji wutarka ce ke tafiya. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200. A ce moto ya zubar da kashi ɗaya cikin biyar, saura 960. A ce altaneta ma ya zubar da kashi ɗaya cikin biyar, saura 768. Ka ga tun kafin ka kunna ƙwai ɗaya ka yi asarar fiye da sulusi. Da ka jona ƙwan kai tsaye a jikin batirin da ya fi daɗewa yana ci. Tun 1775 majalisar masana kimiyya ta Faransa ta daina karɓar takardun masu cewa sun ƙera injin da ke juya kansa har abada, saboda ta gaji da su. Shekara 250 ke nan, mu kuma sai yanzu ake sayar mana.

Gwajin ba shi da wuya. Ka ce wa mai injin ya buɗe akwatin ka ga cikinsa. Sannan a jona dutsen guga mai wat 1,000, a bar shi tun safe har dare, a gabanka, ba tare da an kai batirin caji ba. Za ka ji an fara kawo uzuri. Haka bidiyon fankar kwamfuta da aka manna wa maganaɗisu take juyawa da kanta: akwai ƙaramin batir a ɓoye, ko an yanke bidiyon. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk wanda ya tura irin wannan a guruf ɗin unguwa ba tare da bincike ba, ya sani ya taya ɗan damfara talla kyauta.

Iska gaskiya ce, amma tana da lissafinta

Fankar iska daban take. Ita tana da inda take ɗebo ƙarfinta, kuma an daɗe ana cin moriyarta. Labarin William Kamkwamba na ƙasar Malawi ya isa shaida. Yunwa ta sa ya bar makaranta don iyayensa sun kasa biyan kuɗi, sai ya lazimci ɗan ƙaramin ɗakin karatu, ya ga hoton fankar iska a wani littafi. A 2002, yana ɗan shekara 14 zuwa 15, ya haɗa tasa da gangar jikin keke da fankar tarakta da bututun roba, ta kunna ƙwayaye da rediyo a gidansu da ke ƙauyen Wimbe. An rubuta littafi a kansa a 2009, an yi fim a 2019. Abin da masu tura labarin ke tsallakewa shi ne yaron karatu ya fara yi kafin ya ɗauki guduma, kuma abin da fankar farko ta ɗauka ƙwayaye ne da rediyo. Ba firji ba ne, ba injin niƙa ba ne.

Ga lissafin da ya kamata kowane mai sha'awa ya haddace. Ƙarfin da ke cikin iska ya dogara da faɗin da'irar da farfela ke sharewa, da kuma gudun iskar. Idan ka ninka tsawon fiffike sau biyu, wutar za ta ninka sau huɗu. Idan gudun iska ya ninka sau biyu, wutar za ta ninka sau takwas. Haka kuma in gudun ya ragu da rabi, abin da zai rage maka kashi ɗaya ne cikin takwas. Sannan wani masani ɗan Jamus, Albert Betz, ya nuna tun 1919 cewa babu farfelar da za ta iya kwashe fiye da kashi 59 cikin 100 na ƙarfin iskar da ta ratsa ta. Ta gida, in an yi ta da kyau, kashi 25 zuwa 30 za a samu bayan an cire asarar moto da waya.

Mu saka lambobi. Farfela mai faɗin mita 2 daga baki zuwa baki, a iska mai gudun mita 4 a daƙiƙa, ƙarfin da ke ratsa ta wajen wat 120 ne. Abin da zai iso batir bai wuce wat 36 ba. In iskar ta sauka zuwa mita 3, wat 15 ne. In ta tashi zuwa mita 8, za ka ga kusan wat 290. Ita kuwa 'yar ƙaramar nan mai faɗin mita 1 da aka fi nunawa a bidiyo, a iskar mita 4 wat 7 zuwa 9 za ta bayar, wato ƙwai ɗaya. Duk wanda ya ce maka fankar da bai fi faɗin faifai biyu ba za ta ɗauki firiza da talabijin, to ko bai auna ba ko yana so ya ci kuɗinka.

Yanzu kwatanta da rana. Fankarmu mai wat 36, in ta samu iska mai kyau awa shida, ta tara wat-awa 216, abin da zai cika waya kamar goma. Faifan sola ɗaya mai wat 300 a ranar Kano zai tara sama da wat-awa 1,000 a wuni, ba ƙara, ba abin da ke juyawa balle ya lalace, sai dai a goge masa ƙura. Shi ya sa muke cewa wanda ke da ɗan kuɗi kaɗan kuma wuta yake nema don sana'a, ya fara da sola. Amfanin iska shi ne takan busa da dare lokacin da sola ke barci, kuma takan yi ƙarfi da hunturu lokacin da hazo ke rage hasken rana. Abokiyar tafiyar sola ce, kuma a haka ya kamata a ɗauke ta.

Wurin kafawa ma rabin aikin ne. Iskar da ke kaɗawa a filin jirgin Malam Aminu Kano, inda ma'aikatan NiMet ke aunawa, ba ita ce ke isowa lungun Sheka ba. Gine-gine da bishiyoyi na karya ta, ta riƙa zuwa a hargitse. Masu wannan sana'a a duniya suna da ƙa'ida: farfela ta ɗara duk wani gini ko bishiya da ke cikin tazarar mita 150 da kamar mita 9. A cikin unguwa mai cunkoso wannan da wuya. A gona, ko gefen gari irin su Zawaciki da hanyar Madobi, ko kan tudu, abin ya fi sauƙi. Kuma kada a ɗaure ta a jikin rufin kwano: girgizarta na kwance ƙusa, ta tsaga bango, ta hana mutanen gida barci. Akwai taswirar iska ta duniya mai suna Global Wind Atlas, kyauta ce a intanet. Datar da za ka ƙona a kallon bidiyo biyar ta isa ka duba unguwarku.

Darasin Lambar Rimi

Kada wani ya ɗauka ƙananan masu ƙira ne kawai iska ke ba wuya. A Lambar Rimi ta Jihar Katsina akwai gonar fankoki 37, kowace mai kilowat 275, jimilla megawat 10. An faro maganar tun marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna, daga baya Gwamnatin Tarayya ta karɓa, kamfanin Vergnet na Faransa ya kawo injinan. A Disamban 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan aikin, Francis Collomp, a garin Rimi, sai a Nuwamban 2013 ya kuɓuta. Aikin ya shafe fiye da shekara goma yana tafiyar hawainiya, ga matsalar tsaro, ga ta kayan gyara, ga ta kulawa.

Abu biyu za mu ɗauka daga nan. Na farko, injiniyoyi sun ga iskar Arewa ta isa a zuba mata kuɗi, amma dubi inda suka je nemanta: fili fetal, a kan turaku masu tsayin sama da mita 50. Na biyu, kafa inji ba shi ne ƙarshen aiki ba. Abin da ke juyawa dare da rana cikin ƙura yana son mai duba shi, mai sa masa giris, mai canza masa boris. Injin da sai an jira wani daga Turai ya zo ya gyara, kwanansa ƙidayayye ne. A nan ne ƙirar gida ke da fifiko: wanda ya haɗa da hannunsa ya san inda zai taɓa. Wani Bature ɗan Sikotland, Hugh Piggott, ya shafe shekaru yana koyar da yadda ake sassaƙa fiffike da katako, a naɗa waya da hannu, a jera maganaɗisu, kuma an bi tsarinsa an ƙera ɗaruruwa a ƙasashen Afirka da Kudancin Amurka. Babu abin da ke cikin tsarin da ya fi ƙarfin kafintan Kano da mai naɗin kwayil da mai walda in sun haɗa kai.

In za ka yi, yi da ilimi

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗauko altanetar mota daga Ƙofar Ruwa a ɗaura mata farfela. Altanetar mota sai ta yi juyi wajen 1,000 a minti kafin ta fara caji, alhali farfelar gida 'yan ɗaruruwa take yi. Ƙari a kan haka, ita kanta tana shan wuta daga batir kafin ta samar da maganaɗisunta, har abin da take sha ya iya fin abin da iska mai sanyi za ta bayar. Moton fankar silin shi ma ba shi da maganaɗisu na dindindin, sai an buɗe an dasa masa. Abin da ya fi dacewa shi ne moto mai maganaɗisu a jikinsa wanda ke ba da wuta a juyi kaɗan, irin na cikin tayar keke mai caji ko na abin hawan yara mai taya biyu. Kafin ka biya, juya shi da hannu, ka sa mitar gwaji ka ga bolt nawa yake fitarwa.

Bayan moto akwai abubuwa huɗu da ba a tsallakewa. Sai da dayod mai miƙar da wuta ta koma irin ta batir, wanda kuma ke hana batirin juyowa ya mai da fankarka mai shan wuta. Sai da na'urar daidaita caji, kuma ta iska daban take da ta sola: idan batir ya cika, sola ana iya yanke shi kawai, amma fankar da aka yanke wa kaya sai ta yi ta gudu har ta tarwatse, don haka dole a karkatar da rarar wutar zuwa wani abu mai cinye ta, kamar ƙarfen dafa ruwa. Sai da fiyus kusa da kan batir. Sai kuma wutsiya mai lanƙwashewa da ke kawar da fuskar farfela idan iska ta yi yawa, tare da hanyar tsayar da ita da hannu. Duk ɗan Kano ya san iskar farkon damina, wadda ke yaye rufin makarantu a Mayu da Yuni. Fiffiken da ya ɓalle a irin wannan iska wuƙa ce mai tashi sama, kuma ba ta san ɗan maƙwabci ba. Turken ƙarfe mai tsayi kuma yana kiran tsawa, sai an binne masa waya a ƙasa, an kuma nisanta shi da wayoyin wuta.

Kayan aiki mafi daraja a wannan harka shi ne mitar gwaji da littafin rubutu. Bolt sau amfiya shi ne wat. Ka auna da safe, da rana, da dare, ka rubuta, har wata guda. Ƙwai ya kama a bidiyon daƙiƙa 30 ba hujja ba ce, ko batirin tocila zai yi wannan.

Inda ganganci ke kashewa

Akwai abubuwan da ba ma son a ɗauke su da wasa.

Na farko, jona inbata ko janareta a soket ɗin gida ba tare da makunnin da ke raba gidan da layin KEDCO ba. Wutarka za ta bi waya ta fita, taransifoma ta ɗaga ta daga bolt 230 zuwa 11,000, ta samu ma'aikacin da ya hau turke yana da yaƙinin an kashe layi. Wannan ran mutum ne, kuma a wuyanka yake. 

Na biyu, batiran litiyam da ake cirowa daga tsofaffin kwamfutoci. Haɗa su sana'a ce mai kyau, kuma matasa a Farm Centre da titin Beirut sun iya. Amma in aka haɗa mai rai da matacce, ko aka bar su ba allon da ke tsare su daga wuce kima wajen caji, ko aka ajiye su a ɗakin kwano da zafin Afrilu, to wutar da za su kama ba ta jin ruwan buta. Kada a bar su a caji a ƙarƙashin katifa, kada a kwana da su a ɗakin yara.

Na uku, batirin ruwa. Yana fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji, don haka yana son wuri mai shan iska, nesa da murhu da sigari. Fasa shi a tsakar gida ko narka dalmarsa guba ce. Ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400. Dalmar batir ita ce dai wannan dalmar.

Na huɗu, hayaƙin janareta. Ba shi da launi, ainihin gubar ba ta da wari, kuma ta sha kwantar da iyali guda a dare ɗaya. Tsoron ɓarawo bai kai a shigar da inji ɗaki ko a rufe shi a soro ba. Haka gas ɗin girki da ake samarwa daga kashin shanu a cikin duro: fasaha ce mai amfani ga mai kiwo, amma gas ne mai kamawa, wurinsa waje, kuma a gwada yoyonsa da ruwan sabulu, ba da ashana ba.

Ina manya suke?

Ba daidai ba ne a ɗora komai a kan matasa. Kano ba ta rasa masu basira ba. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da babur, jaridun duniya suka ɗauka. Irinsa nawa ne aka yi wa tafi, aka ɗauki hoto da su a ofis, aka sallame su da alkawari? Abin da mai ƙira ke buƙata wuri ne da zai gwada abinsa, da malamin da zai ce masa nan ka yi daidai, nan ka kauce.

Kuma wuraren suna nan. Jami'ar Bayero na da tsangayar injiniya, tana kuma da tashar sola mai megawat 7.1 da aka buɗe a 2019. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, akwai Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, akwai cibiyar HEDI ta hukumar NASENI a nan Kano, ga Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da ta daɗe tana aiki a kan rana da iska. Me zai hana ɗaya daga cikinsu ta ware rana guda a wata, duk mai ƙira ya kawo abinsa a auna masa kyauta, a ba shi takardar da ke nuna wat nawa ya bayar? Wannan takarda ita za ta raba mai gaskiya da ɗan damfara, ita ce kuma za ta sa mai kuɗi ya yarda ya zuba jari.

Masu masana'antu a Sharaɗa da Challawa da Bompai su ma da nasu. Da yawa daga cikin kamfanonin da iyayenmu suka yi aiki a ciki, musamman masaƙu, sun rufe, kuma rashin wuta na cikin manyan dalilai. Waɗanda suka rage suna da injinan sassaƙa ƙarfe, da ƙwararrun masu naɗin moto, da tarin tsofaffin motoci da ake sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo. Ɗaukar matasa goma koyon aiki a shekara, da ware musu wani kaso na wannan tarkace, ba zai karya kowane kamfani ba. Gobe su ne za su riƙa gyara muku sola da inbata.

Gwamnatin jiha da ƙaramar hukumar Kumbotso kuma su sani doka ta buɗe ƙofa. Gyaran tsarin mulki na Maris ɗin 2023 da Dokar Lantarki da aka sa wa hannu a Yunin 2023 sun ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Dokar ba ta neman lasisi ga wanda abin da yake samarwa a wuri ɗaya bai wuce megawat 1 ba. Ke nan matasan layi guda za su iya haɗa kuɗi su kafa sola da batir su ba shaguna goma wuta, in sun bi ƙa'idar rajista da ta tsaro. Abin da ya rage shi ne horo, da rance mai sauƙi, da sa ido a kan jabun faifai da batiran da suka cika kasuwa. A saka gyaran sola da haɗa batir a manhajar makarantun fasaha, kuma a buɗe wa 'yan mata ƙofa, domin mai shiga cikin gida ta duba wa matan aure wayarin ɗinsu ba ta da abokin gasa a garin nan.

Abin da ke hannunmu

Mu da ke riƙe da waya, namu aikin ya fi sauƙi. Duk bidiyon ƙira da ya zo gabanka, kafin ka tura, shiga wajen sharhi ka yi tambaya uku cikin ladabi: Malam, wat nawa take bayarwa? Awa nawa ta yi tana aiki ba tsayawa? Nawa ka kashe? Mai gaskiya zai ji daɗin tambayar, ya ɗauko mita ya nuna maka. Maƙaryaci zai ce hassada kake yi, ko ya toshe ka. Ka ga ka huta.

Kai kuma mai ƙira, kada wat 15 ta ba ka kunya. Wat 15 ta gaskiya tana kunna ƙwai biyu, ƙanwarka ta yi bitar jarrabawa, mahaifiyarka ta daina sayen batirin tocila. Ka nuna mana ranar da ta yi aiki, ka nuna mana ranar da fiffiken ya karye da abin da ka canza. Wanda ya fara da 15 yana aunawa yana rubutawa, shi ne zai kai 300, shi ne kuma wata rana za a kira ya duba manyan fankoki irin na Lambar Rimi. Sannu ba ta hana zuwa.

Hunturu na tafe, iska za ta busa ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Wanda ke da niyya ya nemi mitar gwaji tun yanzu, ya nemi abokai biyu, mai walda da mai naɗin kwayil, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya sa albarka a hannuwan matasanmu, Ya tsare mu daga gobara da 'yan damfara.